Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiyar Jama'a: allurar ƙarfi tana cin zuciyar samarinmu

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, daga Tawa nake rubuto maka. Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, shekarata 19 ina riƙe da alli. Abin da zan kawo gabanka a gidanmu ya faru, kuma sai da na nemi izinin wanda abin ya shafa kafin in rubuta, da sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 26. Kamar yawancin samarin Adar, ya tafi biɗa, ya yi shekara biyu yana aikin gini a Aljeriya. Da ya dawo sai muka ga ƙirji ya buɗe, damatsa sun cika hannun riga. A bayan gida ya ajiye wani dogon ƙarfe da ya samo wajen masu gyaran mota, ya zuba siminti a manyan gwangwanaye biyu ya soke su a bakinsa, kullum bayan la'asar abokansa na fada su taru su yi ta ɗagawa ana dafa shayi. Uwarsa ta ji daɗi, ta ce gara wannan da yawon banza, ni ma haka na ce. Na ga ƙuraje sun feso masa a baya, na ga gashin goshinsa ya fara ja da baya tun bai yi aure ba, na ga ya zama mai saurin fushi, amma ban haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. Wannan yana damuna har yau, domin ni nake koyar da darasin sinadaran jiki a aji.

A tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa ba ta da sanyi, ya daina iya kwanciya. Sai ya jingina da bango ya kwana a zaune, in ya miƙe numfashi ya sarƙe. Ƙafafunsa suka kumbura har igiyar takalmi tana barin shaida a fatarsa. Da aka auna tansiyonsa aka samu 18 da 11. Aka tura mu Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yana zaune kusa da taga yana neman iska. Da aka yi hoton zuciya, lokotoro ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini. Zuciya ta yi girma, bangonta ya yi kauri, tana motsi a kasalance kamar hannun da ya gaji da daka. Ya ce a kowane bugu, lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabin jinin da ke cikinta, ta yaronmu kuwa kashi 35 cikin 100 take iya turawa. Sai ya dubi yaron ya ce: "Me kake sha?" Yaro ya yi shiru. Lokotoro ya roƙi uwarsa ta ɗan ba su wuri. Tana fita yaron ya buɗe jakarsa ya ciro safa, a cikin safar akwai ƙananan kwalaben allura guda huɗu, kowace an rubuta miligiram 250 a jikinta, da wasu ƙwayoyi a leda, ba kwali ba takarda. Ya dube ni ya ce: "Kawu, ka yafe mini. Cewa aka yi bitamin ɗin ƙarfi ne." Wani abokinsa ke yi masa allurar, sau biyu a mako, wata goma sha huɗu.

Testosteron ne a kwalaben. Tun da muka dawo nake karatu a kansa, kuma abin da na karanta ne ya sa na ga ya wajaba in rubuto.

Shi testosteron ba baƙo ba ne a jikin namiji. Ƴaƴan maraina ke yin sa, ƴan miligiram kaɗan a yini, ba su kai goma ba. Makiyayan Azawak sun san aikinsa tun kafin Turawa su ware shi a 1935 su ba shi suna: sun san sa in aka dandaƙe shi yakan yi sanyi, ya daina faɗa, ya tara kitse. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, in ya shiga jini ba ya zama yadda yake. Jiki yana sarrafa shi ya fitar da wasu sinadarai daga cikinsa, kamar yadda ake fitar da mai da ƙuli-ƙuli daga gyaɗa ɗaya. Wani ɗan kaso yana komawa sinadarin mata, shi ya sa ake ganin masu wannan allura nono ya fito musu. Wani kaso kuma, wajen 5 cikin 100, yana komawa abin da ake kira DHT, wanda ya fi testosteron ɗin kansa ƙarfin kamu. DHT ke kawo sanƙo, shi ke kumbura furostat ɗin dattawa har fitsari ya riƙa yi musu wuya. Sanƙon da na gani a goshin yaronmu saƙo ne jikinsa ya aiko, ban karanta ba.

A 2015 masu bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus suka wallafa a mujallar Circulation cewa sun duba zukatan mutane da na ɓeraye waɗanda tsokarsu ta yi kauri ta fara gazawa, suka tarar sinadarin da ke juya testosteron zuwa DHT ya ƙaru a cikin zuciyar kanta. Da suka ba ɓerayen finasterid, maganin da ake ba dattawa masu kumburin furostat domin ya tare wannan juyi, sai kaurin zuciyar ya ragu, aikinta ya gyaru. A 2015 ɗin kuma, a Jami'ar Tenesi da ke Memfis ta Amurka, wasu suka bi sawun wani sinadarin dabam da jiki ke fitarwa daga testosteron, mai suna 6-beta-haidroksitestosteron. Akwai wani sinadari a jini da ke matse jijiyoyi ya ɗaga tansiyo, ana ce masa anjiyotensin. In aka ba ɓera namiji shi, jininsa ya hau, zuciyarsa ta yi tabo. In ɓeran dandaƙaƙƙe ne, ko an cire masa abin da ke yin wancan sinadari na 6-beta, hawan ba ya kai haka ba. Da aka mayar masa da sinadarin, hawan jinin ya dawo. Shi kaɗai bai ɗaga tansiyo ba, sai ya tarar da anjiyotensin, kamar iska ce da ba ta kunna wuta amma in ta same ta sai ta cinye zana.

Ranka ya daɗe, ɓera ba mutum ba ne, kuma ba na so in kawo maka rabin magana. Da aka koma kan mutane, labarin ya fi haka sarƙaƙiya. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2014 ya bi dattawa sama da 1,000 har wajen shekara 9. Waɗanda DHT ɗinsu ya yi ƙasa sosai sun fi kamuwa da ciwon zuciya, waɗanda nasu ya yi sama su ma haɗarinsu ya ƙaru, na tsakiya suka fi zama lafiya. A birnin Fas na Ostareliya kuwa, cikin dattawa 3,690 masu shekara 70 zuwa 89, waɗanda DHT ɗinsu ya fi yawa su ne suka fi ƙarancin mutuwa ta toshewar jijiyar zuciya. Ni abin da na fahimta shi ne, Allah ya yi wa wannan sinadari ma'auni a jikin kowane namiji, kuma jiki yana tsare ma'aunin da kansa. Ba wanda zai ji tsoron abin da jikinsa ke yi. Abin tsoro shi ne hannun da ke zuwa daga waje ya zuba tiya goma a inda aka auna tiya ɗaya.

Ko a hannun likitoci ma an daɗe ana taka-tsantsan. A ƙarshen 2009 an dakatar da wani gwaji a Boston tun bai ƙare ba: cikin dattawa 209, mutum 23 daga masu shafa man testosteron suka samu matsalar zuciya ko ta jijiyoyi, a ɓangaren waɗanda aka ba man da ba komai a cikinsa kuwa mutum 5. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi a kwali, ta kuma tilasta a yi babban gwaji. Sakamakonsa ya fito a 2023, ana kiransa TRAVERSE. Maza sama da 5,200 ne, masu shekara 45 zuwa 80, kowanensu an auna jininsa sau biyu an tabbatar testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, ana kuma ci gaba da aunawa ana daidaita masa ma'auni don kada ya wuce na lafiyayyen mutum. A wannan yanayi, toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ba su ƙaru ba: kashi 7.0 cikin 100 a masu magani, 7.3 a waɗanda aka ba man da ba komai a cikinsa. Amma rikicewar bugun zuciya ta fi yawa a masu maganin, kashi 3.5 a kan 2.4, haka ma gudan jini a huhu da raunin ƙoda. A 2025 hukumar ta cire wancan tsohon gargaɗi, ta sa sabo a kan hawan jini.

Na tsaya a kan wannan gwaji ne saboda na ji da kunnena ana murɗa shi. Wani saurayi ya nuna mini saƙon murya a WhatsApp, wani yana cewa Turawa sun tabbatar allurar ba ta taɓa zuciya. Wanda aka yi gwajin a kansa dattijo ne mai ƙarancin sinadarin, likita na tsaye a kansa da ma'auni. Kwalba mai miligiram 250, in likita ya rubuta wa marar lafiya, sau ɗaya ake yi a mako biyu ko uku. Yaronmu, da jikinsa ke yin nasa cikakke, biyu yake sha a mako ɗaya, ga ƙwayoyi a kai.

Irin su yaronmu ma an yi bincike a kansu. A 2017 likitocin Boston suka duba masu ɗaga ƙarfe 140, 86 daga cikinsu sun yi aƙalla shekara biyu suna amfani da waɗannan sinadarai, 54 ba su taɓa ba. Zuciyar waɗanda ba su taɓa ba tana tura kashi 63 cikin 100 a kowane bugu, ta masu amfani kuwa 52, kuma jijiyoyin zuciyarsu sun fi tara dattin kitse, gwargwadon shekarun da mutum ya yi yana sha. A Danmak, inda ake shiga gidajen motsa jiki ana gwada fitsarin masu zuwa, an bi maza 1,189 da aka kama da sinadarin har wajen shekara 11. Toshewar jijiyar zuciya ta ninka sau uku a cikinsu in aka gwada da sa'o'insu, lalacewar tsokar zuciya kuwa, irin wadda aka nuna mini a Yamai, ta kusa ninkawa sau tara. Sannan da yawa daga cikin ƙwayoyin da ake haɗawa da allurar daga DHT ɗin nan aka ƙera su. Stanozolol, wanda aka kama ɗan tseren Kanada Ben Johnson da shi a gasar Olamfik ta Seyul a 1988 aka ƙwace zinarensa, ɗaya ne daga cikinsu, kuma an san yana rushe kitsen jini mai amfani, wanda ke share jijiyoyi.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da mutanen Danmak. Testosteron yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, jini ya yi kauri. Ka ɗauki saurayi mai kaurin jini, ka sa shi ɗaga siminti a Tawa cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, gumi na zuba, wataƙila ma da azumi a bakinsa. Ba sai an je lakwal ba kafin a gane abin da zai iya biyo baya.

Ba samari kaɗai ba ne. Magidanta ma suna saye, su kuma da sunan ƙarfin iyali. Mutum ya haura hamsin, ya ga abubuwa sun ja baya, kunya ta hana shi zuwa likita, sai ya bi ta wajen mai tebur ko mai yawo da magani a kai, a raɗa masa a kunne. Sau da yawa abin da ke damunsa ciwon suga ne ko hawan jini da bai san yana da shi ba, domin jijiyoyin gaba ƙanana ne, sukan riga na zuciya nuna alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Wannan magidanci awon tansiyo da na suga yake buƙata, sai a soka masa abin da zai ƙara ɗaga tansiyon. Ga kuma maganar da na tabbata in samari suka ji ta za su tsaya: allurar tana kashe ƙwayoyin haihuwa. In ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya cika jini, sai ta daina aika wa maraina umarni, su ƙanƙance su daina aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gwada allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ta wallafa a 1990 cewa da miligiram 200 a mako, wajen kashi biyu cikin uku na mazan ƙwayoyin haihuwarsu sun ɗauke gaba ɗaya. Yaronmu ya fi jin wannan magana a ransa fiye da ta zuciya. An riga an kai masa kuɗin gaisuwa.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Na san ma'aikatarka tana fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da sanƙarau da mutuwar mata wajen haihuwa, kuma ba na cewa a ajiye su a kama wannan. Abin da nake nema ba ya cin kuɗi da yawa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome a watan Janairun 2020 domin yaƙi da fataucin jabun magunguna. Ina roƙo, in jami'ai sun fita kamen tramadol da sauran ƙwayoyi, a sa waɗannan kwalabe a cikin abin da suke nema, a nuna musu hotonsu da sunayensu, domin wanda bai san abu ba zai ɗaga shi ya mayar. Abin da aka kama a kai LANSPEX, ɗakin awon magunguna na ƙasa, a auna, a faɗa wa jama'a abin da aka samu a ciki. Kwalbar da ta ratso sahara a cikin safa, ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinta. A kuma tunatar da masu farmasi cewa testosteron ba ya fita sai da ordonansin likita, shi ma likita sai bayan awon jini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar nan ta lokotoron Yamai. Kalma uku ce, kuma sai da ya fitar da uwar yaron kafin ya samu amsa. Ina roƙo a aika wa ma'aikatan cibiyoyin lafiya takarda, ko shafi ɗaya ne: in saurayi mai faɗin ƙirji ya zo da hawan jini, ko ƙuraje a baya, ko sarƙewar numfashi, a keɓe shi a tambaye shi, ba tare da faɗa ko kunyatarwa ba. A gaya musu kuma kada a ce ya yanke lokaci ɗaya a sallame shi. Wanda ya daɗe yana sha, in ya daina, jikinsa yakan yi watanni bai farfaɗo da nasa ba, kasala ta rufe shi, sha'awa ta ɗauke, baƙin ciki ya danne shi, daga nan ne da yawa ke komawa. Na ga wannan a gidanmu. Sati shida yaron ya yi ba ya son fitowa ko ƙofar gida, sai da muka riƙa zama da shi bi da bi.

Sai maganar faɗakarwa. A yi ta da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a Muryar Sahel da rediyoyin karkara, da kalmomin da masu saye ke amfani da su: allurar ƙarfi, bitamin ɗin jiki, maganin maza. In aka ce testosteron kawai, wanda ke da kwalbar a aljihu ba zai san da shi ake ba. Kuma muna da dandalin da ya fi kowane. A nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har yau in ana neman takobi, kasuwa kan yi shiru, kowa na gaban talabijin ko ya manna rediyo a kunne. Yaran da ke ɗaga gwangwanin siminti a bayan gidaje jikin waɗannan zakaru suke kallo suna sha'awa. In tsohon ɗan kokowa da ake girmamawa ya tsaya a fili, tsakanin karawa da karawa, ya ce da fura da nama da atisaye ya gina jikinsa, ya ce allura tana kumbura zuciya tana hana haihuwa, maganarsa za ta isa inda tawa ba za ta taɓa isa ba. Ƴan cali-cali, masu barkwanci a filin kokowa, su ma in aka ba su saƙon, sun san yadda za su sa ya zauna a kan mutane.

Mu malamai a shirye muke. Darasin sinadaran haihuwa yana cikin manhajarmu, abin da muke so shi ne ƴar takarda daga ma'aikatarka, mai hoto da bayani ingantacce, da za mu riƙe a aji. Bana da na kai wannan darasi na ba ɗalibaina labarin ba tare da suna ba. Bayan an tashi wani yaro ya tsaya har kowa ya fita, ya ce: "Mushe, in mutum ya yi sau uku kawai fa?" Na zaunar da shi muka yi magana, washegari na raka shi aka auna tansiyonsa.

Ɗan ƙanwata yanzu yana shan ƙwayoyi iri huɗu kullum, an hana shi gishiri da ɗaukar kaya mai nauyi, aikin ginin da ya iya ya gagare shi. Kumburin ƙafa ya saɓe, yana iya kwanciya da matashi biyu. Lokotoro ya ce zuciyar wasu takan farfaɗo in sun daina da wuri, hoton da za a sake yi ne zai nuna. Bayan sallar layya za mu koma Yamai, ƙanwata ta riga ta sayar da tunkiyarta ta ajiye kuɗin mota. Kwalabe huɗun nan suna wurina a cikin akwati, in ma'aikatarka tana so a auna su, zan kawo su da hannuna.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Wani malamin lise, Tawa